A Kawo Su Gaban Alƙali Kafin Lokaci Ya Yanke Hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wata irin shari'a da mutane ba sa son tattaunawa a bainar jama'a saboda ta cikin gida ce, wato shari'ar miji da mata da zama ya ƙi, wannan yana cewa an tsare masa iyali, waccan tana cewa an kulle ta ko an raba ta da ɗanta. Na yi aikin magatakardan kotu har na yi ritaya. Ta hannuna takardun ƙara ke shiga, ni ke rubuta sammaci, ni ke rubuta ranar da aka ɗage zama, kuma ni ne masu shari'a ke tarewa a baranda suna tambaya, "Malam, yaushe za a kira mu?" Abin da na gani daga wannan kujera shi ne, a irin wannan rikici doka ba ta da duhu. Abu biyu ne ke lalata shari'ar: jinkiri, da rashin jin ta bakin wanda ake jayayya a kansa.

Ƙorafin tsarewa yakan zo ta fuskoki daban-daban, amma a takarda duk kamarsu ɗaya. Akwai matar da mijinta ya kulle da gaske. Ya sa kwaɗo a ƙofa ta waje, ya karɓe wayarta, ya gargaɗi maigadi ko ƙaninsa kada kowa ya shiga, 'yan'uwanta su zo a ce musu ba ta nan. Wannan ba ta iya zuwa kotu da ƙafarta, sai dai yayanta ko mahaifiyarta su zo. Akwai mijin da matarsa ta gaji ta tafi gidan iyayenta da kanta, shi kuma ya je ya yi rantsuwa cewa surukansa sun tsare masa mata da 'ya'ya. Akwai kuma wadda ba a cika faɗa ba, matar da take son komawa ɗakinta amma iyayenta ko yayyenta suka hana, domin su ne ke fushi da mijin, ita ta riga ta huce. Duk na gansu. Kowane ɓangare zai kawo takardar rantsuwa mai shafuka da yawa, lauyoyi su yi ta musu a kan wace ce gaskiya, alhali tambaya guda ce ke warware maganar. A kawo matar. A fitar da mijin, a fitar da iyayen, a bar jami'a mace ɗaya a ɗakin, alƙali ya tambaye ta: "Akwai wanda ya hana ki fita? Ina kike son zama?" Baliga ce, mai hankali ce. Amsarta ita ce shaidar da ta fi kowace, kuma ita ce ake barin ta zo a ƙarshe, wani lokaci ma ba ta zuwa sam.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Dalilin da ya sa aka samar da umarnin da lauyoyi ke kira habeas corpus ke nan: kotu ta ce wa wanda ake zargi da tsare mutum ya kawo shi gabanta a gan shi da ido, ya kuma faɗi hujjarsa ta riƙe shi. A Ingila, a 1891, wani mutum mai suna Jackson ya kama matarsa da ta ƙi zama da shi lokacin da take fitowa daga coci a garin Clitheroe, ya kai ta wani gida ya tsare. Yana ma da hukuncin kotu a hannunsa da ke cewa ta koma gare shi. Duk da haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sa aka kawo ta, ta kuma yanke cewa miji ba shi da ikon kama matarsa ko tsare ta, aka sake ta. A Najeriya sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare 'yancin walwalar kowane mutum, sashe na 46 ya ba shi damar zuwa Babbar Kotu idan an tauye masa, kuma ƙa'idojin da aka fitar a 2009 don bin irin wannan haƙƙi sun ce a sa ranar sauraron ƙarar cikin kwana 7 da shigar da ita. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ta fara aiki a Abuja kafin jihohi su riƙa karɓarta, ta mai da hana mutum walwala da raba shi da danginsa da ƙarfi laifuka masu hukunci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta ce "sai dai idan matarka ce".

Wanda zai fake da addini ma ba shi da mafaka. Na sha jin miji a kotu yana janyo ayar farko ta Suratul Ɗalaƙ, wadda ta ce kada a fitar da mata daga gidajensu a lokacin idda, su ma kada su fita. Ayar haƙƙin mazauni take ba mace, kuma malaman Malikiyya sun yarda mai idda ta fita biyan buƙatunta ta dawo ta kwana a ɗakinta, har ma ta tashi daga gidan idan tana tsoron cutarwa. Aya ta 6 ta wannan surar ta ce kada a cutar da su domin a ƙuntata musu. Aya ta 231 ta Baƙara ta ce kada a riƙe su don cutarwa. Idan mutum yana ganin matarsa ta saɓa masa, akwai nasiha, akwai masu sulhu daga danginsa da nata, akwai alƙali. Kwaɗo ba ya cikin jerin.

Amma kullen da ya fi ba ni tsoro ba shi da kwaɗo. Ƙofa a buɗe take, sai a ce wa matar, "Ga hanya nan, ki tafi duk inda za ki, amma ba da ɗana ba." Idan yaron yana kan nono, ko bai wuce shekara uku ko huɗu ba, wace uwa ce za ta taka ƙofar? Idan ta zauna, miji zai rantse a kotu cewa ba wanda ya tsare ta, kuma a zahiri bai yi ƙarya ba. Idan ta fita, gobe lauyansa zai ce ta gudu ta bar jariri, ba ta cancanci riƙo ba. A nan ne maganar tsarewa da maganar riƙon yara suke cakuɗewa, har ya zama alƙalin da ya duba ɗaya ya bar ɗaya bai warware komai ba. Daga nan kuma sai ciniki ya biyo baya: ki yafe kuɗin ciyarwa, ki dawo da sadaki, ki sa hannu cewa kin bar mini yara, in ba ki takardarki. Mata da yawa suna sa hannu. Ya kamata su sani cewa Risalar Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a sarari, idan an tabbatar cutarwa ce ta sa mace ta fanshi kanta, za a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma yana nan daram.

Hukuncin riƙo kansa ba ɓoyayye ba ne. A mazhabar Malik, bayan rabuwa uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta auri wani, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba kamar yadda maza da yawa suka ɗauka. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa. Asalin wannan shi ne hadisin matar da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce cikinta ne ya ɗauki yaron, nononta ya shayar da shi, cinyarta ta rene shi, ga shi ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi. Aka ce mata ita ce ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Amma riƙo amana ce mai sharuɗɗa: hankali, iya kula da yaron, amintaccen mazauni, riƙon amana. Uba kuma ba a cire shi ba. Ciyarwa da tufatarwa a wuyansa suke, kuma yana da haƙƙin duba ɗansa, da tarbiyyarsa, da tura shi makaranta. Shafi'iyya suna ba yaron da ya yi wayo zaɓi tsakanin iyayensa. Ga waɗanda suka yi auren rajista, dokar shari'o'in aure ta 1970 ta ce maslahar yaran ce gaba da komai, haka ma sashe na farko na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Hanyoyin sun bambanta, amma babu wadda ta ce wanda ya fi ƙarfi ko ya riga kai hannu shi ke da yaro.

Akwai ƙissa a Muwaɗɗa da nake so kowane uba mai fushi ya karanta. Sayyidina Umar ya rabu da matarsa, mutuniyar Madina, wadda ta haifa masa Asim. Wata rana ya zo Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya kama hannunsa ya ɗora shi a gabansa bisa dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa ta riƙe, suka yi ta ja har gaban Halifa Abubakar. Umar ya ce ɗana ne, tsohuwar ta ce ɗana ne. Abubakar ya ce wa Umar ya bar mata shi. Mai ruwaya ya ce Umar bai sake cewa uffan ba. Ku dubi wanda aka yanke wa hukuncin, ku kuma dubi tsawon lokacin da shari'ar ta ɗauka. Zama ɗaya ne. Yaron bai kai ga sabawa da wani gida ba.

A nan damuwata take. Yaro kamar dashe yake, inda aka kafa shi nan yake yin saiwa, kuma ba ya jiran kotu. Masu doka sun san haka tuntuni. Yarjejeniyar Hague ta 1980, wadda ta shafi yaran da ɗaya daga cikin iyaye ya ƙetare iyakar ƙasa da su, tana son a yanke hukunci cikin gaggawa, har ta ba da damar a nemi bayanin jinkiri idan an wuce mako 6. Ta kuma ce idan shekara ta wuce kafin a shigar da ƙara, kotu na iya ƙin mayar da yaron idan ya riga ya saba da sabon wurin. Muhtasar na Halil, wani littafin fiƙihun Malikiyya, shi ma ya ce wanda riƙo ya kamata ya koma hannunsa bayan uwa ta yi aure, idan ya sani ya yi shiru har shekara, ya rasa damarsa. Wanda ya ɗauke yaro da ƙarfi ya san wannan ko da bai karanta ko ɗaya ba. Ba ya buƙatar ya ci shari'a. Abin da yake buƙata kawai shi ne kada shari'ar ta ƙare.

Hanyoyin jan lokaci kuwa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa riƙe fayil. Mai kai sammaci zai je a ce ba ya gari, ya koma a ce ya tashi daga gidan, sai an nemi izinin liƙa takardar a ƙofa. Ranar da ya bayyana, lauyansa zai ce wannan kotu ba ta da hurumi. Idan aka kore hujjar sai ya ɗaukaka ƙara a kan wannan ƙaramin hukunci, ya nemi a dakatar da komai. Ana cikin haka matar tana kotun shari'ar Musulunci tana neman riƙo da ciyarwa, mijin yana Babbar Kotu yana cewa an tauye masa haƙƙi, ɗan'uwansa kuma ya kai ƙarar sata da gudu da yaro gaban majistare. Babbar Kotu na iya ɗaukar watanni kafin ta ce asalin maganar riƙo ce, ba ta tauye haƙƙi ba, a koma inda ya dace. Sai hutun kotu ya shigo. Sai a canja wa alƙali wurin aiki, wanda ya gaje shi ya fara daga farko.

Ina tuna wata shari'a da aka ɗauke yaro daga makarantar renon yara, ƙanwar uban ce ta je ta ce an aiko ta. Uwar ta shigar da ƙara cikin makon. Kafin a yanke hukunci yaron ya shiga firamare. An ba ta gaskiya, domin hujjarta ba ta da kishiya. Ranar miƙawa yaron ya ƙanƙame zanen goggonsa yana ihu, ya ƙi ko kallon matar da ta haife shi, sai da ma'aikacin kotu ya ɓamɓare yatsunsa. Uwar tana kuka, goggon da ta rene shi tana kuka. An cutar da wannan yaro sau biyu, ranar da aka ɗauke shi da ranar da aka mayar da shi, kuma ta biyun da hatimin kotu aka yi. Da an ba da umarnin wucin gadi a zaman farko cewa a mayar da shi inda yake kwana kafin a ɗauke shi, da ba a kai ga wannan rana ba.

Kada a ɗauka maza kaɗai nake zargi. Na ga uban da ke biyan kuɗin ciyarwa ta hannun kotu wata bayan wata bai taɓa fashi ba, amma an hana shi ganin 'yarsa. An canja lambar waya, an canja makaranta, an tashi daga unguwa ba a gaya masa ba. Na ga yaron da aka gaya wa ubansa ya mutu. Na ga wanda aka kitsa wa maganar da zai faɗa wa alƙali, yana faɗa yana waiwayen uwarsa. Aya ta 233 ta Baƙara ba ta bar kowa a baya ba: kada a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, kada kuma a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ce yaron da iyayensa suka rabu yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyun, sai in hakan zai cutar da shi. Haƙƙin yaron ne, don haka uwar da ta ci shari'a ba ta da ikon yafe shi a madadinsa. Kotun da ta ba uwa riƙo ta manta ta rubuta ranar da uba zai ga ɗansa, da wurin, da wanda zai kai shi, ta shuka wata sabuwar shari'ar ce.

Sai maganar 'yan sanda. Da yawa daga cikin waɗannan rigingimu a ofishinsu suke fara ɓaci. Miji ya kai ƙara cewa an sace masa yaro, alhali yaron yana bayan uwarsa a goye. A je a kamo mahaifin matar ko yayanta a tsare, a ce ba za a sake shi ba sai ta kawo yaron. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan abin da ba laifi ba ne, rikicin haƙƙi ne tsakanin mutane. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita haka. Yanke wa zai riƙe yaro ba aikin caji ofis ba ne. Abin takaici, matar da aka kulle da gaske, wadda ita ce ke buƙatar a zo a buɗe ƙofa, 'yan'uwanta sukan je a ce musu maganar cikin gida ce, su je su sasanta.

Abin da nake roƙon shugabannin kotuna ba sabuwar doka ba ce. Duk ƙarar da aka ce an tsare mutum, ko an ɗauke ƙaramin yaro, a sa ta gaba da sauran, a kuma umarci a kawo su a zaman farko, ba takardar rantsuwa a madadinsu ba. A wannan zaman alƙali ya faɗi inda yaron zai riƙa kwana kafin a gama, da yadda ɗayan zai riƙa ganinsa, da abin da uba zai riƙa bayarwa, kuma asali ya zama mayar da yaro inda yake kafin a ɗauke shi, sai in an nuna akwai haɗari a can. Idan aka yi haka, wanda ya ɗauke yaro ba zai ƙara samun riba a jinkiri ba, kuma na tabbata shi da kansa zai fara matsa wa lauyansa a gama. Yaron da ya yi wayo a ji ta bakinsa a keɓe, ba a gaban iyayensa ba, ba kuma da tambayar "wa ka fi so" ba, domin wannan tambaya nauyi ce da bai kamata a ɗora wa yaro ba. A tambaye shi wa ke kai shi makaranta, wa ke zama da shi idan ba shi da lafiya, me yake tsoro. Wanda kuma aka tabbatar ya yi rantsuwar ƙarya cewa an tsare masa mata, a hukunta shi. Ban cika ganin an yi ba, shi ya sa ake ta yi, kuma kowace ƙarar ƙarya tana sa alƙali ya ƙara shakkar ta gaskiya da za ta zo bayanta.

Ga 'yan'uwan matar da aka kulle kuwa, ku sani ba sai ita ta zo da kanta ba. Ƙa'idojin 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ba zai iya ba, kuma idan rai ko 'yancin mutum yana cikin haɗari, alƙali na iya ba da umarnin gaggawa tun kafin a ji ɗaya ɓangaren. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ku rubuta ranar da kuka ji muryarta ta ƙarshe, da sunan wanda ya hana ku shiga, da maƙwabcin da ya ga ƙofar a kulle, ku tafi da su tun a makon farko.

Wassalam.

Naku,
Tsohon magatakardan kotu